Ɗaki Marar Taga ko Mai Baranda: Kwana Bakwai a Ruwan Norwe

Mu huɗu muka yi tafiyar nan a watan Yunin bara: ni da maigidana, da mahaifiyata da ta zo mana ziyara Ingila daga Kano, da ƙanwata da ta rako ta. Jirgin ruwa ne na shaƙatawa, ya tashi daga Southampton ya nufi gaɓar yammacin Norwe, ya tsaya a Stavanger da Flåm da Geiranger da Bergen, sannan ya juyo. Ɗaki biyu muka kama. Ni da maigida muka ɗauki na ciki a hawa na biyar, wanda ko tagar leƙe babu. Hajiya da ƙanwata muka bar wa mai baranda a hawa na tara, ɓangaren hagu na jirgin. Ke nan a ɗaya nake kwana, a ɗayan nake yini, kuma tun da na dawo 'yan'uwa da abokan aiki tambaya ɗaya suke yi mini: barandar nan ta cancanci kuɗinta kuwa?

Lokacin da muka biya, ratar da ke tsakanin ɗakunan biyu ta kusan fam 400 a kan kowane mutum. Farashin yana hawa yana sauka gwargwadon wata da kuma saurin biya, amma ko yaya aka yi ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashi. Abinci iri ɗaya za ku ci, wurare iri ɗaya za ku shiga, jirgi ɗaya zai kai ku. Hujjar maigida ke nan, ya ce ɗaki ai na barci ne da wanka, wa zai biya kuɗin teku ya je ya kulle kansa? Na yarda da shi a kan namu. A kan na Hajiya ne na kafe, saboda gwiwoyinta, da kuma sanin da na yi mata cewa ba za ta shiga turmutsutsun baƙin maza don kallon dutse ba.

Ɗakin cikin bai ba ni haushi yadda na zata ba. Ƙarami ne, gaskiya. Gado, teburi ɗan mitsitsi, kujera ɗaya, kabad, banɗaki da ba ya ɗaukar mutum biyu. Akwatunanmu ƙarƙashin gado muka tura su. Inda taga ya kamata ta kasance sun manna babban madubi da fitilu a gefensa don ido ya ga kamar akwai fili. Sallaya ɗaya ce ke shimfiɗuwa tsakanin gado da ƙofa, sai dai mu yi bi da bi, ko shi ya yi gaba ni in raɓe a bayansa kusa da ƙofar banɗaki. Tsabta kam babu abin cewa, mai gyaran ɗakin sau biyu yake shigowa a yini.

Abu biyu ne ɗakin nan ya fi mai baranda da su, kuma babu mai talla da zai gaya maka. Na farko barci. A watan Yuni, a can arewa, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kafin ƙarfe huɗu kuma ta leƙo, kuma tsakanin nan ma ba duhu ake yi na sosai ba, sai wani haske kamar na bayan magariba da ya ƙi tafiya. Hajiya ta yi kwana biyu tana fama, labule a ja amma haske na sulalowa ta gefe, jikinta ya kasa gane dare ne ko rana. Mu kuwa da zarar an kashe fitila duhu ne dunɗum, ko tafin hannunka ba ka gani. Na daɗe ban yi barci irin wannan ba.

Na biyu shi ne tangaɗi. Kafin a isa Norwe sai an yini guda ana keta Tekun Arewa, haka ma a dawowa, kuma wannan tekun ba shi da tabbas. Jirgi yana lilo ne kamar sikeli, wanda ke ƙasa kuma a tsakiya shi ne ya fi samun sauƙi, na sama da na goshin jirgi da na wutsiya su ke shan jijjiga. A dawowarmu iska ta taso da yamma. Ƙanwata jiri ya kwashe ta a hawa na tara, ta yi amai har ta galabaita, ƙarshe sai da ta sauko ɗakinmu ta kwanta a gadona kafin cikinta ya lafa. Duk wanda ya san mota ma tana juya masa ciki, ya riƙe wannan.

Amma duhun nan da na yaba, shi ne ya ci ni.

Dalilin zuwa Norwe ta ruwa shi ne abin da suke kira fiyod. Kwari ne mai zurfi da ƙanƙara ta sassaƙe a jikin duwatsu tun zamanin da ta lulluɓe ƙasar, da ta narke sai teku ya malalo ya cike shi. Sai ka ga ruwan gishiri ya kutsa cikin ƙasa kamar kogi, duwatsu sun miƙe tsaye dama da hagu. Sognefjord, wanda ake bi a kai Flåm, shi ne mafi tsawo a Norwe, ya haura kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya wuce mita 1,300. Abin da ban lissafa ba shi ne lokacin da jirgi ke shiga. Don a isa gari da ƙarfe takwas na safe fasinjoji su fita yawo, cikin dare ake shiga fiyod, kuma mafi kyawun hanyar tana faɗowa ne tsakanin ƙarfe huɗu zuwa bakwai na safe. Daidai lokacin da mai ɗakin ciki ke lulluɓe a duhu, bai san duniyar da yake ba.

Ranar Flåm haka ta faru da ni. Na tashi na yi asuba da ƙararrawar waya, tun da babu alfijir da zan gani, na ce bari in ɗan kishingiɗa. Ban farka ba sai da na ji ƙugin injin ya canja, jirgi yana gogar bakin tasha. Akwai tashar talabijin a ɗakin da ke nuna abin da ke gaban jirgi kai tsaye, na kunna, sai ga gidajen Flåm. Na haura wurin Hajiya na tarar da ita a baranda da bargo a kafaɗa, filas ɗin shayi ya kusa ƙarewa. Ta dube ni ta ce, "Ke, ina kika shige? Tun ɗazu ikon Allah yake wucewa ta nan." Ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana. Ƙanwata ta nuna mini hotuna a waya, ƙauyuka a gindin dutse, hazo kwance a kan ruwa. Raina ya ɓaci sosai, don abin da na biya kuɗi na zo gani ke nan, ya wuce ina barci.

Washegari ban yarda ba. Ana idar da asuba na sa rigar sanyi a kan doguwar rigata na hau sama. Hajiya ta riga ta fita baranda. Barandar ba wata babba ba ce, kujera biyu da ɗan teburi, da shingen gilashi mai kai wa ƙirji. Ƙasan a jiƙe yake da raɓa, sai da na koma na sako takalmi. Jirgin ya rage gudu ƙwarai, ba ka jin komai sai shuuu ɗin ruwa a jikin ƙarfe. Sanyi yana shiga hanci garau, da wani ƙamshi na jiƙaƙƙen dutse da ganye. Ruwan kore ne mai duhu, lumui kamar an shafe shi da hannu, ko alamar tangaɗin teku babu. Muka karya kwana daga Sunnylvsfjord muka shiga Geirangerfjord, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 15 ba, amma shi da Nærøyfjord ne UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2005. Dutsen ya matso kusa har sai na ɗaga kai wuyana ya ƙage kafin in hango ƙarshensa, can sama kuma ƙanƙara fari fat ba ta gama narkewa ba.

Kafin mu ga matsirgar ruwan da suke kira 'Yan'uwa Mata Bakwai, ƙararta muka fara ji. Ruwa ne ya rabu gida bakwai yana zubowa daga saman dutse, kowane da hanyarsa, kamar an warware zaren saƙa an sake shi. A Mayu da Yuni ya fi ƙarfi saboda narkewar ƙanƙara. Yana gefen arewa, don haka mai ɗaki a hagu shi ke fuskantarsa a shiga. Feshinsa ya iso har kan gilashin barandar. Hajiya ta ajiye kofinta ta miƙe, ta dafa ƙarfen shingen, bakinta yana motsi, carbi a hannu. Ba ta ce komai ba sai da muka gota.

Abin da ya fi tsaya mata a rai ma ba ruwan ba ne. Gefen matsirgar, a kan wani ɗan tudu da ya maƙale a jikin dutsen, akwai tsofaffin gine-ginen katako. Gonar Knivsflå ce, wadda mutanenta suka tashi a 1898 saboda tsoron faɗowar dutse. A ɗaya gefen ruwan akwai wata, Skageflå, wajen mita 250 sama da ruwa. Ana ba da labarin cewa mazauna irin waɗannan gonaki igiya suke ɗaura wa yara a ƙugu idan za su yi wasa, kada su gangara. Da na gaya wa Hajiya sai ta yi shiru, can ta ce, "A nan ma noma aka yi? To in mace ta tashi haihuwa fa, ta ina ungozoma za ta hau?" Muka daɗe muna wannan hirar, ita tana tuno ƙauyen kakanninta da nisan rijiyarsu, ni ina zuba mata shayi. Babu mai ture mu, babu mai ɗaga waya a gaban fuskarmu, mayafinta ma a kafaɗa yake. Wannan sa'a biyun ita ce abin da fam ɗin nan suka saya, kuma ko ita kaɗai ce ban yi asara ba.

Maigida bai ga wannan safiyar daga baranda ba. Ɗakin surukarsa ne, gaisuwa kawai ke kai shi bakin ƙofa, ya durƙusa ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya gajiyar hanya?" ya juya. Shi saman jirgi ya hau, fili buɗaɗɗe da kowane fasinja ke da ikon zuwa, ko nawa ya biya. Kuma dole in faɗi gaskiya, ta fuskar gani zalla ya fi mu. Mu gefe ɗaya muke kallo, rufin barandar sama da mu ya yanke mana rabin sama. Shi kuwa gaba da baya, dama da hagu, duk a idonsa. Matsirgar da ke fuskantar 'Yan'uwa Bakwai daga ɗaya gefen, wadda suke kira Mai Neman Aure, shi ya gan ta a shiga, mu sai da yamma da jirgi ya juyo. Bayanin da ake yi ta lasifika ma a can ya fi fita. Abin da ya biya a madadin kuɗi shi ne tsayuwar sa'a biyu cikin iska mai yanka kunne, da zuwa da wuri don samun gurbi a bakin shinge, don kafin ƙarfe shida mutane sun yi sahu uku. Ya sauko hannuwansa sun ƙage, amma yana murna, kuma har yau bai canja ra'ayinsa ba.

Barandar ma tana da nata aibin, kada a ɗauka aljanna ce. Kwana biyun da aka yi a tsakiyar teku ba ta amfana mana komai ba, iska da feshin gishiri ba sa barin mutum ya yi minti biyar a waje. A Bergen, garin da ya yi suna wajen ruwan sama, yayyafi ya yini yana sauka, ga shi kuma abin da ke gabanmu jikin wani jirgin ne da ya tsaya kusa da namu, taga tana kallon taga. A jirginmu in an bar ƙofar baranda a buɗe na'urar sanyaya da ɗumama ɗaki tsayawa take yi, in kuma wani ya buɗe ƙofar shigowa a lokacin, iska ce za ta ratsa ta buga ƙofa da ƙarfin da zai iya datse yatsa. An hana shan taba a baranda saboda gobara, amma maƙwabcinsu Hajiya bai ji ba, hayaƙinsa ya kore ta ciki sau biyu. Mun kai ƙara wurin masu karɓar baƙi, sai a kwana na uku aka yi masa magana. Karin kumallon da muka ce a kawo ɗaki ranar Geiranger ya makara da kusan rabin sa'a, ƙwan ya huce. Wannan sakaci ne, a ranar da kowa ya san rabin jirgin zai nemi a kawo masa abinci ɗaki.

Akwai wani abu da nake so mata musamman su lura da shi. Ba kowace baranda ce ke da sirri ba. A jirage da yawa wasu hawan suna turowa waje fiye da na samansu, ta yadda na sama in ya leƙo yana ganin na ƙasa tsaf. Daga barandar Hajiya ina ganin hawa biyu a ƙasanmu, mutane a kishingiɗe ba su san ana kallonsu ba. Mu Allah ya taimake mu tamu tana da cikakken rufi. Wadda ke biyan kuɗin baranda don ta sha iska ba tare da hijabi ba, ta buɗe taswirar jirgin kafin ta biya, ta tambaya ko barandar a rufe take daga sama. Ta kuma duba ko ba a rubuta cewa wani abu ya tare gani ba, don akwai masu araha da kwale-kwalen ceto ke rataye a gabansu, ka biya kuɗin kallon dutse ka ƙare da kallon fentin kwale-kwale mai ruwan lemu. Mai ɗakin ciki shi ma ya duba abin da ke samansa da ƙasansa. Namu yana kusa da wata ƙofar ma'aikata, tun ƙarfe biyar ake fara gangara kekunan zannuwa.

Batun hagu ko dama da mutane ke ta da jijiyar wuya a kai, a fiyod bai kai haka ba. Hanya ɗaya ce, ta inda aka shiga ta nan ake fita, abin da ya kuɓuce maka da safe za ka gan shi da yamma, ga shi rana ba ta saurin faɗuwa. Bambancin kawai shi ne safiya ta fi tsit, da yamma kuwa an gaji, ana kiran cin abinci.

Kan salla, baranda ta taimaka fiye da yadda na zata. Alƙibla daga can tana kudu maso gabas ne, amma jirgi na ta karya kwana cikin fiyod, kuma kamfas ɗin waya yana rikicewa a tsakiyar wannan tulin ƙarfe. A ɗakin ciki dogaro na kan tashar talabijin mai nuna inda jirgi ya dosa, daga nan in ƙiyasta. A sama kuwa rana tana gabanka. Mun yi ƙasaru mun haɗa salloli a matsayinmu na matafiya, lokutan isha da asuba kuma tun kafin mu taso maigida ya tambayi malaminsa yadda ake ƙaddara su a inda shafaƙi ba ya ɓacewa. Agogon Norwe yana gaban na Ingila da na Najeriya da sa'a ɗaya a wannan lokacin, jirgin kuma yana sanarwa daren da za a canja.

Kuɗin da muka rage a ɗakinmu ba a aljihu ya zauna ba. Da shi muka hau jirgin ƙasan Flåm mu huɗu, wanda ke tashi daga bakin ruwa ya hau kilomita 20 zuwa Myrdal, sama da mita 860 a kan dutse, ta cikin ramuka 20 da aka fasa, yawancinsu da hannu. Yana tsayawa a matsirgar Kjosfossen a sauka a gani, ruwan yana tafasa fari fat har ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Da shi kuma muka hau motar da ke bin Hanyar Gaggafa a Geiranger, mai kwana 11 masu tsini, muka hango jirginmu daga sama ya koma kamar kwalin ashana. Norwe ƙasa ce mai tsada, kofin shayi ma sai ka yi tunani. Da mun kama baranda biyu da ɗayan waɗannan ya faɗi, kuma da na yi baƙin ciki. Ga masu fasfon Najeriya akwai wani kashe kuɗin da za a sa a lissafi tun farko: Norwe tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, bizar Ingila ba ta wadatar ba ko da ta ruwa aka je, sai da su Hajiya suka nemi ta Shengen daban tun suna gida.

To ga inda na tsaya. In tafiyar ta tsakiyar teku ce, ko ta gari-gari da ake kwana ana gudu a wayi gari a tasha, ɗakin ciki zan kama ban ko waiwaya ba. Matashi mai ƙafa, mai iya tashi da ƙararrawa ya sa rigar sanyi ya hau sama, shi ma ya riƙe kuɗinsa ya kashe su a tudu, sai dai ya tambayi ma'aikata tun dare ƙarfe nawa za a shiga fiyod, kada abin da ya same ni a Flåm ya same shi. Amma ga dattijo, ga mai ciwon ƙafa, ga macen da ba ta son cunkoso, ga mai ƙaramin yaro da ba za a bari a ɗaki shi kaɗai ba, a hanya irin ta Norwe baranda ba ƙawa ba ce, ita ce tafiyar. Hajiya ba ta hau saman jirgin ba ko sau ɗaya, kuma ta fi mu duka ganin Norwe.

In iyali ne masu kama ɗaki biyu, yadda muka yi zan sake yi, ɗaya ciki ɗaya baranda, sai dai wannan karon zan nemi su kasance a hawa ɗaya suna fuskantar juna, don hawa huɗun da ke tsakaninmu ya ba ni wahala da asuba, na'urar hawa bene tana jinkiri ni kuma ina sauri. Mun fara tara na wata tafiyar, ta Olden, inda ake zuwa ganin ƙanƙarar Briksdal. Maigida ya ce shi dai ɗakin duhunsa. Ni na riga na gaya wa Hajiya ta bar mini kujera ɗaya a barandarta, ta ce in dai zan tashi da wuri.